Hanyoyin Ɗaukar Hoton Cikin Jiki Wajen Tantance Cutar Kumburin Hanji

1.0 Gabatarwa

Daga cikin cututtukan da suke ba likita wahalar ganewa akwai waɗanda suke kama hanji su daɗe, su lafa na wani lokaci, sa'an nan su sake tasowa. Mai irin wannan ciwo yakan je asibiti da kukan gudawa wadda ta ƙi tsayawa, wani lokaci da jini da majina, ga murɗawar ciki, ga rama da kasala. Waɗannan alamomi ba su isa su nuna takamaiman abin da yake damunsa ba, domin atini da tarin fuka na hanji, har ma da sankarar hanji, duk suna iya zuwa da irin wannan kama. Hanjin ɗan Adam kuwa dogo ne, a nannaɗe yake cikin ciki, ido ba ya ganinsa, hannu kuma ba ya kaiwa ga mafi yawansa. Wannan ya sa masana likitanci suka shafe fiye da shekara 100 suna neman dabarun ganin hanji ba tare da an tsaga ciki ba.

Manufar wannan maƙala ita ce bayyana waɗannan dabaru dangane da cutar kumburin hanji, wato yadda kowace take aiki, da abin da take iya gani, da inda ganinta ya tsaya. Abin da za a nuna shi ne, babu wata na'ura guda da take amsa dukkan tambayoyin likita, don haka sai ya tsayar da tambayarsa kafin ya zaɓi na'ura. Kuskure a wannan zaɓi yana iya sa a yanke hanjin da magani zai gyara, ko a yi ta ba da magani ga hanjin da sai tiyata, ko kuma a ba da maganin da zai rura wutar wata cuta dabam.

1.1 Ma'anar Wasu Kalmomi

A Hausar yau da kullum "kumburi" yana nufin tasowar wani sashe na jiki. A nan an faɗaɗa ma'anar kalmar ta ƙunshi halin da nama yake shiga idan garkuwar jiki ta far masa, halin da Celsus, wani marubucin Rum na ƙarni na farko, ya siffanta da alamomi huɗu: ja, da zafi, da kumbura, da raɗaɗi. Haka nan "hoto" a bakin masu zuwa asibiti ya fi nufin eksire, "sikanin" kuma awon da ake yi wa mai juna biyu da amon sauti. An bar waɗannan kalmomi yadda jama'a suka san su. An yi amfani da "leƙen hanji" ga aikin zura bututu mai kyamara, da "tsukewa" ga ƙuntatar da hanyar hanji take yi. An kuma ɗauko "kafar yoyo" daga sanannen lafazin nan "yoyon fitsari", domin a nuna ɓarauniyar hanyar da ciwo yake hudawa daga hanji zuwa wata gaɓa ko zuwa fata.

2.0 Cutar Kumburin Hanji

Cutar kumburin hanji suna ne da ya tattara manyan cututtuka biyu. Dukansu suna faruwa ne idan garkuwar jiki ta juya tana yaƙar hanjin mai ita, a sakamakon haɗuwar gado da yanayin rayuwa da kuma ƙwayoyin halittar da suke zaune cikin hanji. Ba a ɗaukar su daga wani, kuma sun fi fara bayyana tsakanin shekara 15 zuwa 30 na haihuwa. An ƙiyasta cewa a 2017 mutum wajen miliyan 6.8 ne suke ɗauke da su a duniya. Sun fi yawa a Turai da Amurka ta Arewa, amma tun daga ƙarshen ƙarni na 20 ake ganin ƙaruwarsu a Asiya da Amurka ta Kudu da Afirka, musamman a birane.

2.1 Gyambon Babban Hanji

Ta farko ita ce gyambon babban hanji, wadda ake danganta bayaninta na farko ga Samuel Wilks, wani likitan Landan, a 1859. Tana farawa daga ƙarshen babban hanji, daf da dubura, ta yi ta hawa sama ba tare da tsallake wani wuri ba. Iyakarta babban hanji, wanda tsawonsa kimanin mita ɗaya da rabi ne, kuma tantanin ciki kawai take ci, wato shimfiɗar da bayan gida yake gogawa idan zai wuce. Babbar alamarta gudawa da jini, shi ya sa sau da yawa ake ɗaukar ta atini ce ko basir.

2.2 Cutar Crohn

Ta biyu ta samo sunanta daga Burrill Crohn, wanda shi da abokan aikinsa Leon Ginzburg da Gordon Oppenheimer na asibitin Mount Sinai a birnin Niyok suka wallafa bayanin marasa lafiya 14 a 1932. Kafin su, wani likitan tiyata a Gilasgo, Kennedy Dalziel, ya bayyana irinta a 1913. Wannan cuta tana iya kama ko'ina daga baki har dubura, amma ta fi son wutsiyar ƙaramin hanji, inda yake haɗuwa da babba a ƙasan ciki ta hannun dama. Takan ci wani wuri, ta tsallake wani, ta sake cin na gaba. Abin da ya fi muhimmanci shi ne tana ratsa kaurin bangon hanji gaba ɗaya, daga ciki har waje. Daga nan ne manyan illolinta suke tasowa: tsukewa, da kafar yoyo, da taruwar mugunya a cikin ciki. Tsarin rarrabawa na Montreal, wanda aka amince da shi a 2005, ya kasa halinta gida uku bisa wannan, wato mai kumburi kawai, da mai tsukewa, da mai hudawa.

2.3 Tambayoyin Likita

Bambancin da ke tsakanin cututtukan biyu shi ne ginshiƙin zaɓen na'ura. Ciwon da ya tsaya a tantanin babban hanji ana iya ganinsa daga ciki. Wanda ya ratsa bango, ko ya ɓuya a ƙaramin hanji mai tsawon kimanin mita shida, yana bukatar na'urar da take gani ta cikin nama. Tambayoyin da likita yake neman amsarsu guda huɗu ne. Wace cuta ce? A ina take, kuma ina iyakarta? Tana kan ci ne a yanzu, ko tabon abin da ya wuce ne ya rage? Ta haifar da wata illa? Awon jini da awon bayan gida, musamman na wani sinadari mai suna kalfurotektin, suna nuna cewa akwai kumburi, amma ba su nuna wurinsa. Wannan aikin hoto ne.

3.0 Hanyoyin Ganin Hanji

3.1 Eksire da Bariyom

Wilhelm Röntgen ne ya gano hasken eksire a Jamus a 1895. Wannan haske yana ratsa nama cikin sauƙi, ƙashi kuma yana tare shi, saboda haka hanji ba ya fitowa sosai a hoton eksire sai dai iskar da ke cikinsa. Duk da haka hoton eksire na ciki yana da amfani har yau a lokacin gaggawa. Idan gyambon babban hanji ya yi tsanani, hanjin yakan saki ya bubbuɗe, kuma idan faɗinsa ya wuce santimita shida tare da zazzaɓi da bugun zuciya da sauri, to yana daf da fashewa. Hoto guda yana nuna wannan cikin 'yan mintoci.

Domin a ga siffar hanji, tun wajen 1910 aka fara amfani da bariyom, wani farin ruwa mai kauri wanda hasken eksire ba ya ratsawa. Ana sha, ko a ɗura ta dubura, sa'an nan a bi tafiyarsa da hotuna. Ta wannan hanya aka san wasu alamomi da har yanzu ake koyarwa. A 1934 John Kantor ya bayyana "alamar zare", wato yadda bariyom yake wucewa siriri kamar zare ta wutsiyar ƙaramin hanji da ta tsuke. Babban hanjin da gyambo ya daɗe yana ci kuwa yakan rasa lanƙwashe-lanƙwashensa ya miƙe sumul kamar bututu. Raunin bariyom shi ne ramin hanji kawai yake zanawa. Bangon kansa da abin da ke bayansa ba su fitowa. Wannan ne ya sa sababbin hanyoyi suka maye gurbinsa a mafi yawan asibitocin da suke da hali.

3.2 Leƙen Hanji

Hausawa sun ce gani ya kori ji. A 1957 Basil Hirschowitz na Jami'ar Michigan a Amurka ya ƙera bututu mai lanƙwasuwa wanda zaren gilashi yake kai haske ta cikinsa, kuma zuwa 1969 William Wolff da Hiromi Shinya a Niyok sun fara leƙa babban hanji tun daga ƙarshensa har farkonsa. Na'urar yau bututu ce mai kaurin yatsa, da fitila da kyamara a bakinta. Mara lafiya yakan sha maganin wanke ciki tun ana gobe, a ba shi abin da zai kwantar da shi, sa'an nan a zura bututun ta dubura, a hura iska kaɗan domin hanjin ya buɗe. Ƙwararren likita yakan bi babban hanji duka, ya kuma leƙa 'yan santimitoci na wutsiyar ƙaramin hanji.

Wannan ita ce hanya ta farko wajen tabbatar da cutar, saboda dalilai biyu. Na ɗaya, ana ganin tantanin ƙuru-ƙuru: a gyambon babban hanji ana ganin ja a haɗe ba yankewa, jini yana tsattsafowa da an taɓa; a cutar Crohn ana ganin dogayen miyaku masu zurfi da suke bin tsawon hanji, da lafiyayyen wuri a tsakaninsu, wani lokaci tantanin ya yi gudaje kamar daɓen tsakuwa. Na biyu, ita kaɗai ce take ba da damar tsinko ɗan nama a kai ɗakin gwaji a duba da madubin ƙara girma. Har ila yau, da ita ake sa ido a kan sankara, domin wanda babban hanjinsa ya daɗe da kumburi yana cikin haɗarinta. A ƙa'ida ana fara wannan sa ido bayan shekara takwas da soma ciwon, kuma akan fesa shuɗin rini a tantanin domin wuraren da suka fara canzawa su fito fili. Wanda aka yanke wa wani sashe saboda cutar Crohn ma ana leƙa mahaɗin bayan wata shida zuwa shekara guda, tun da a nan ciwon yake yawan dawowa tun kafin mai shi ya ji wani abu.

Iyakar wannan hanya a bayyane take. Mafi yawan ƙaramin hanji ya fi ƙarfin bututun, tsukewa tana hana shi wucewa, kuma fuskar bango kawai yake gani. Idan ciwo ya yi tsanani ba a zurfafa leƙe, don gudun huda hanjin da ya riga ya yi laushi.

3.3 Kafso Mai Kyamara

Domin a kai ga ƙaramin hanji, wani injiniya ɗan Isra'ila, Gavriel Iddan, ya ƙirƙiro kafso mai ɗauke da kyamara da fitila da batir, wanda hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da shi a 2001. Tsawonsa kimanin milimita 26 ne, kaurinsa 11. Ana haɗiye shi da ruwa, ya yi ta ɗaukar hotuna na tsawon awa takwas ko fiye, yana aikawa ga wata na'ura da aka ɗaura a ƙugu, daga baya ya fita tare da bayan gida. Hotunan sukan kai dubu hamsin. Yana ganin ƙananan miyaku waɗanda sauran hanyoyi ba su gani. Sai dai ba a iya sarrafa tafiyarsa, ba ya tsinko nama, kuma yana iya maƙalewa a inda hanji ya tsuke, har a bukaci tiyata kafin a fitar da shi. Don haka idan ana zaton tsukewa akan fara ba da wani kafso na gwaji mai girma iri ɗaya, wanda yake narkewa da kansa idan ya maƙale.

3.4 Hoton Siti

Godfrey Hounsfield na kamfanin EMI ne ya haɗa eksire da kwamfuta, aka ɗauki hoton mara lafiya na farko da na'urarsa a Landan a 1971. Na'urar siti tana kewaya jiki da hasken eksire, kwamfuta kuma ta harhaɗa sakamakon ya fito yanka-yanka, kamar an yayyanka rake ana duban kowace gaɓa. A karo na farko ke nan da aka ga kaurin bangon hanji da abin da ke kewaye da shi. Idan ana son duban ƙaramin hanji, mara lafiya yakan sha ruwa na musamman lita ɗaya ko fiye domin hanjin ya buɗe, a kuma yi masa allurar wani ruwa mai aidin wanda yake haskaka inda jini ya taru.

Fa'idar siti ita ce sauri. Cikin 'yan daƙiƙoƙi ake gama ɗauka, shi ya sa ba ta da na biyu idan an kawo mutum da ciwon ciki mai tsanani ana zaton toshewa, ko hujewa, ko taruwar mugunya. Da jagorancinta ma ake soka allura a zuƙe mugunyar ba tare da an buɗe ciki ba. Illarta ita ce yawan hasken da jiki yake sha. Ana auna wannan da ma'aunin milisibat. Abin da mutum yake samu daga ƙasa da sararin sama a shekara, a matsakaicin lissafin duniya, kimanin 2.4 ne, alhali hoton siti na ciki guda ɗaya yakan kai 8 zuwa 10. Ga wanda za a yi wa sau ɗaya wannan ba abin damuwa ba ne sosai. Amma mai cutar Crohn yakan fara ciwo yana matashi, kuma yana iya shafe shekara 50 yana komawa asibiti. Wani bincike da aka yi a birnin Kok na ƙasar Ailan, aka wallafa a 2008, ya samu cewa kimanin kashi 15 cikin 100 na masu cutar sun tara fiye da milisibat 75, adadin da ake dangantawa da ƙarin haɗarin sankara. Sababbin na'urori sun rage yawan hasken, duk da haka ƙa'idar ita ce a ajiye siti domin gaggawa, musamman ga yara da matasa.

3.5 Hoton Maganaɗisu

Wannan hanya ta ginu a kan aikin Paul Lauterbur a 1973 da na Peter Mansfield, waɗanda suka sami lambar Nobel a 2003. Ba ta amfani da hasken eksire ko kaɗan. Ana kwantar da mutum cikin wani babban maganaɗisu, a aika masa da igiyoyin rediyo, ruwan da ke cikin namansa ya mayar da amsa, kwamfuta ta juya amsar zuwa hoto. Tun da nama mai kumburi yana tara ruwa, sai ya fito dabam da lafiyayye. Kafin a fara ana shan ruwa lita ɗaya zuwa ɗaya da rabi, a yi allurar da take tsayar da motsin hanji na ɗan lokaci, sau da yawa kuma a ƙara allurar gadoliniyom mai haskaka jijiyoyin jini. Aikin yakan ɗauki minti 30 zuwa 45.

Hoton yana nuna kaurin bango, da ruwan da ya taru a cikinsa, da miyaku masu zurfi, da kitsen da yake nannaɗe hanji mai ciwo. Yana nuna "alamar mataji", wato jijiyoyin jini da suka cika suka jeru a gefen hanji kamar haƙoran mataji, abin da yake nuna cewa ciwon yana kan ci. Inda ya fi kowace hanya shi ne kafar yoyo ta gefen dubura, wadda take samun kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na masu cutar Crohn a tsawon rayuwarsu. Likitan tiyata yana bukatar sanin ta inda kafar ta bi dangane da tsokar da take riƙe bayan gida, bisa rabe-raben da Alan Parks na asibitin St Mark's a Landan ya yi a 1976, domin idan aka yanke tsokar a bisa rashin sani mutum zai kasa riƙe bayan gida har iyakar ransa.

Matsalolin wannan hanya su ne tsada, da ƙarancin na'urori, da bukatar wutar lantarki mai ɗorewa. Wasu ba su iya jure kwanciya cikin ƙuntataccen wuri, masu wasu ƙarafa a jiki ba su shiga, kuma ana kaffa-kaffa da gadoliniyom ga mai ciwon ƙoda mai tsanani da mai juna biyu.

3.6 Sikanin

Ian Donald na Gilasgo yana cikin waɗanda suka fara shigo da amon sauti cikin aikin asibiti, da rahotonsa na 1958. Na'urar tana aika sautin da kunne ba ya ji, ta karɓi amsa-kuwwarsa ta mayar hoto. An daɗe ana ganin ba ta dace da hanji ba saboda iska tana tare sauti, amma likitocin Jamus da Italiya sun nuna cewa idan aka danna a hankali aka kori iskar, bangon hanji yana fitowa shimfiɗa biyar. Kaurin da ya wuce milimita uku alamar ciwo ne, haka ma ɓacewar shimfiɗun, da ƙaruwar gudun jini a bangon.

Wani bincike mai suna METRIC da aka yi a asibitoci takwas na Birtaniya, aka wallafa a 2018, ya gwada hanyoyin biyu a kan mutum 284 masu cutar Crohn. Wajen gano ciwo a ƙaramin hanji, hoton maganaɗisu ya kama kashi 97 cikin 100, sikanin kuma 92. Wajen faɗin iyakar ciwon daidai, na farko ya sami 80, na biyu 70. Ke nan maganaɗisu yana gaba, amma tazarar ba ta da yawa. Sikanin kuma ba ya bukatar wanke ciki, ba shi da haske mai cutarwa, ana yinsa a ɗakin ganin likita cikin minti 15, a maimaita bayan 'yan makonni a ga ko magani yana aiki. Rauninsa shi ne ya dogara ga gwanintar mai riƙe da na'urar, kuma ba ya gani sosai ga mai ƙiba ko a can cikin ƙugu.

4.0 Matsaloli Biyu Masu Wuyar Warwarewa

4.1 Kumburi ko Tabo?

Idan hanji ya tsuke, abinci ya kasa wucewa, mutum yana amai, cikinsa yana ƙugi, dalilin ɗayan biyu ne. Ko dai bango ya kumbura ya matse hanya, ko kuma shekarun ciwo sun bar tabo mai tauri. Na farko magani yana saɓe shi. Na biyu babu maganin da yake narkar da shi a halin yanzu. Hoton maganaɗisu yana taimakawa: bango mai ruwa da yawan jini ya fi kusa da kumburi, busasshen bango mai kauri wanda hanjin da ke bayansa ya bubbuɗe fiye da santimita uku ya fi kusa da tabo. Amma galibin tsukewa tana haɗa duka biyun, kuma har yanzu babu na'urar da take auna yawan tabo daidai. Saboda haka akan haɗa hoto da awon jini da na bayan gida, a gwada magani, a sake hoto.

Tsawon tsukewar ma yana da muhimmanci. Wadda ba ta kai santimita biyar ba, kuma bututun leƙe yana isa gare ta, ana iya buɗa ta da balan-balan. Mai tsawo sai tiyata. Likitoci suna tsimin hanji ƙwarai, domin tiyata ba ta raba mutum da cutar Crohn, kuma wanda aka yi ta yanke wa har ƙaramin hanjinsa ya gaza mita biyu yana iya kasa samun abin gina jiki daga abinci. Wannan ne ya sa aka samo dabarar faɗaɗa wurin da ya tsuke ba tare da an cire shi ba, dabarar da likitocin Indiya suka ba da rahoton yi wa masu tarin fuka na hanji a 1977, kafin a ba da rahoton yin ta ga masu cutar Crohn a Oxford a 1982.

4.2 Cutar Crohn ko Tarin Fuka na Hanji?

Ambaton Indiya ya kawo matsala ta biyu, wadda ta shafi Nijeriya kai tsaye, kasancewarta cikin ƙasashen da Hukumar Lafiya ta Duniya ta lissafa a matsayin masu yawan tarin fuka. Ƙwayar wannan cuta tana kama hanji, kuma wurin da ta fi so shi ne daidai inda cutar Crohn ta fi so. Duka biyun suna kawo rama da zazzaɓi da ciwon ciki da tsukewa. Kama da wane kuwa ba ta wane, domin maganinsu kishiyoyin juna ne. Maganin cutar Crohn danne garkuwar jiki yake yi, ko da sinadaran kotizon, ko da sababbin allurai irin su infliximab wanda aka fara amfani da shi a 1998. Idan aka ba mai tarin fuka irin wannan magani, ƙwayar za ta bazu a jikinsa, har ta iya kashe shi. Haka nan idan aka ɗauki atinin amiba a matsayin gyambon babban hanji aka ba da kotizon, hanjin yana iya ruɓewa ya huje.

Hoto yana ba da wasu alamomin rarrabewa. Kaluluwar cikin ciki wadda tsakiyarta ta ruɓe, da taruwar ruwa a ciki, da gajeriyar tsukewa, da miyakun da suka kewaye hanji kamar zobe, sun fi nuna tarin fuka. Dogon sashe mai ciwo, da tsallake-tsallake, da alamar mataji, da miyaku masu bin tsawon hanji, da kafar yoyo a gefen dubura, sun fi nuna cutar Crohn. Ana ɗaukar hoton ƙirji, ko da yake da yawa daga masu tarin fuka na hanji huhunsu kan fito lafiya lau. Ana kuma neman ƙwayar a naman da aka tsinko. Idan duk da haka shakka ta rage, abin da ake yi a ƙasashe irin su Indiya shi ne a fara ba da maganin tarin fuka na wata biyu zuwa uku, sa'an nan a sake leƙa hanji. Idan miyakun sun warke, tarin fuka ne. Sauƙin da mara lafiya ya ce ya ji bai isa hujja ba, domin wasu masu cutar Crohn ma sukan ji sauƙi na ɗan lokaci da wannan magani.

5.0 Kammalawa

Wannan maƙala ta bi hanyoyi shida na ganin hanji, ta nuna gurbin kowace. Leƙen hanji shi ne na tabbatar da cuta da tsinko nama da sa ido a kan sankara. Kafso na ƙananan miyakun ƙaramin hanji ne. Eksire da siti na gaggawa ne. Hoton maganaɗisu na auna iyakar ciwo ne da bin sawun kafar yoyo, sikanin kuma na bibiyar magani a kai a kai. An kuma ga cewa jin daɗin jiki ba ya nuna warkewar hanji, shi ya sa likitocin wannan fanni suka koma auna nasarar magani da abin da hoto ya nuna tare da abin da mara lafiya ya faɗa.

A Nijeriya na'urorin maganaɗisu da na leƙen hanji sun taru ne a manyan birane da asibitocin koyarwa, kuma kuɗinsu ya fi ƙarfin mafi yawan jama'a. Na'urar sikanin kuwa ta riga ta shiga garuruwa da dama saboda awon masu juna biyu. Abin da ya rage shi ne horar da ma'aikatan da za su iya duban hanji da ita, su gane wanda ya kamata a tura babban asibiti. Akwai kuma aiki a gaban masana harshe, na daidaita kalmomin da likita zai yi wa mara lafiya bayani da su, domin mutumin da aka ce ya sha ruwa lita ɗaya da rabi, ko ya haɗiye kafso mai kyamara, ko ya jure magani na wata uku kafin a faɗa masa sunan ciwonsa, ya fi ba da haɗin kai idan ya fahimci dalili da harshensa.